Damin Manhaja: Haƙƙi, Taƙlidi da Amana a Damargu

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfe da mutum. Ita ce ke tada na'urar, ta raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ta ajiye fayil, ta aika rubutu ga firinta, ta kuma tantance wanda zai shiga da wanda za a hana. Ana kiranta tsarin sarrafa kwamfuta. Windows na kamfanin Microsoft shi aka fi sani a ofisoshin Nijar. Linux kuwa ya fi yawa a kan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, waɗanda ake kira uwar garke, kuma zuciyarsa ce ke cikin kowace salula mai Android da ake sayarwa a kasuwar Tanut.

Windows abu ɗaya ne daga hannu ɗaya. Linux ba haka yake zuwa ba. Zuciya ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, kuma ba ta amfani sai an haɗa ta da kayan aiki irin na GNU da Richard Stallman ya faro a 1983, da fuskar da ake gani a allo, da dubban ƙananan manhajoji, an ɗaure su wuri guda. Wannan ɗaurin shi za a kira dami a nan, kamar yadda manomi ke tara zangarniya ya ɗaure kafin ya kai rumbu. Debian dami ne, Ubuntu dami ne, haka Fedora da Linux Mint da Arch, kuma akwai ɗaruruwa irinsu. Hatsin kusan ɗaya ne. Mai ɗaurin, da sharuɗɗansa, da tsawon lokacin da ya yi alkawarin kula da abin da ya ɗaure, su ne suka bambanta.

A Damargu, wato gundumar Tanut da ke kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram kan hanyar Agadas, da gundumar Belbeji da aka mayar mai zaman kanta a 2011, ba kasafai ake yin wannan zaɓi da gangan ba. Kwamfuta takan iso asibiti ko makaranta ko ofishin magajin gari da abin da ke kanta, a yi ta aiki har ranar da ta ƙi tashi. Ran nan mai gyara zai zo da ma'ajiyar USB a aljihu ya zuba abin da ya saba zubawa, kuma sau da yawa Windows ne da aka karya masa makulli. An yi zaɓi ke nan, sai dai ba wanda ya san ya yi. Tun da kuwa a kan na'urar ake ajiye sunayen jarirai, da jerin masu karɓar tallafin abinci, da sakamakon ɗalibai, zaɓin ya wuce sha'anin masu fasaha. Ya shiga babin haƙƙi da amana, inda fiƙihu ya daɗe yana da magana.

Mas'ala ta farko ita ce ta mallaka. Mai kwafar manhaja bai ɗauke wa kowa komai daga aljihu ba, domin ta mai ita tana nan yadda take. Shi ya sa mutane da yawa ba sa jin nauyin abin a zuciya, wasu ma su kafa hujja da hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye. Amma Malikiyya, tare da Shafi'iyya da Hambaliyya, suna ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya, ba jikin abin kaɗai ba, shi ya sa haya take inganta. A kan irin wannan tushe Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta ga mai kwafa don amfanin kansa idan ba shi da halin saye, suka tsananta ga mai kwafa don ciniki. Wannan sassauci ya rataya ne ga larura, larura kuwa tana faɗuwa idan aka sami halal da ke biyan buƙata. Sakataren da aikinsa rubuta wasiƙa ne da jera lissafi zai iya yin su duka da LibreOffice a kan Linux Mint ba tare da ya keta sharaɗin kowa ba. Da wuya a kira halinsa larura. Wanda ma'aikatarsa ta aiko masa da manhajar da ba ta tashi sai a kan Windows, shi halinsa dabam ne, kuma nauyin sayen lasisi yana kan ma'aikatar. Ba kuma daidai ba ne ma'aikaci ya goge abin da ke kan na'urar hukuma ya zuba son ransa ba da izini ba, ko da abin da zai zuba ya fi tsarki, domin na'urar ajiya ce a hannunsa.

Abin da ya sa Linux ya halatta a kwafa ba wai ba shi da mai shi ba ne. Masu shi ne suka ba da izini da sharaɗi. Lasisin GPL, wanda Stallman ya fitar a 1989, ya ba kowa damar amfani da manhajar, da karanta asalin rubutunta, da gyara ta, da raba ta, har da sayar da ita, muddin duk wanda ya raba abin da ya gyara ya miƙa wa mai karɓa irin damar da shi ya samu. Mutumin Damargu ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, domin haka rijiyar dabbobi take tafiya a kwarin Tarka da makiyayar arewacin Tanut. Risalar Ibn Abi Zaid ta rarrabe tsakanin rijiyar da mutum ya gina a cikin gonarsa, wadda yake da ikon hana ruwanta sai a wasu halaye, da rijiyar dabbobi a daji, wadda masu ita ke fara shayarwa, in sun gama sauran jama'a su zama daidai a cikin abin da ya rage. Dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ma ta tafi kusa da haka: akwai masu fifiko a kan ruwa, amma fifiko ba ya nufin kore baƙo. A bayan wannan duka akwai hadisin da ya sa mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, da labarin rijiyar Ruma da Sayyadi Usmanu ya saya a Madina ya mai da ita ta kowa.

Kamancen ya fi ƙarfi idan aka duba waƙafi, wanda Malikiyya ke kira hubusi. A wannan mazhaba jikin abin da aka yi waƙafinsa yana nan a mallakar mai bayarwa, amfaninsa ne ya fita zuwa ga jama'a, kuma dole a bi sharaɗin da ya gindaya in dai halal ne. Haka marubucin manhaja a ƙarƙashin GPL yake: bai saki haƙƙinsa ba, da wannan haƙƙin ma yake tilasta wa na bayansa kada su toshe abin da ya buɗe. Sai dai kamancen yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Waƙafi ibada ce da ake nufin lada da ita, lasisi kuwa yarjejeniya ce da kotu ke ɗaure wa gindi, kuma da yawa daga masu rubuta Linux a yau ma'aikatan manyan kamfanoni ne da ake biya albashi. Ruwan rijiya yana raguwa da ɗiba, manhaja ba ta raguwa. Abin da ke ƙarewa a wurinta shi ne ƙarfin masu yasa: mutanen da ke toshe ɓaraka da gyara kuskure, waɗanda wasunsu 'yan sa kai ne da ba wanda ya san gajiyarsu. Mai shan ruwa kyauta yana da wani nauyi a kansa, ko da na koya wa maƙwabci ne, ko na fassara wata manhaja zuwa Hausa, ko na kai rahoton kuskuren da ya gani.

Mas'ala ta biyu ta fi zurfi. Ana cewa falalar Linux ita ce kowa na iya karanta asalin rubutunsa. Gaskiya ne, amma zuciyar kaɗai ta haura layi miliyan 30, kuma babu mahaluƙin da ya karance ta duka. Injiniyan Yamai da ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram da mai shagon hoton takardu a Tanut duk matsayinsu ɗaya a nan: suna aiki da abin da ba su bincika da kansu ba, bisa amincewa da waɗanda suka bincika. Wannan shi ne taƙlidi, kuma malamai ba su ɗauke shi aibi ga wanda bai kai matsayin ijtihadi ba. Suratun Nahli ta umarci wanda bai sani ba ya tambayi masana. Abin da aka ɗora wa mai bi shi ne ya yi ƙoƙari wajen zaɓen wanda zai bi, ya san iliminsa da gaskiyarsa. Zaɓen dami, in an tace shi, zaɓen wanda za a bi ne.

Kowane dami yana da rumbunsa a intanet, inda na'ura ke ɗauko sababbin manhajoji da facin tsaro. Duk abin da ya fito daga rumbun yana ɗauke da hatimin lissafi da na'urar ke dubawa kafin ta karɓa, ta yadda za a san daga hannun wa ya fito, kuma ba a sauya shi a hanya ba. Ɗalibin hadisi zai gane isnadi a nan. Manhajar da aka karya wa makulli ita ce ruwayar da ba a san wanda ya kawo ta ba: ta bi hannaye da yawa, wani ya buɗe cikinta ya yi abin da ya yi, kuma ba mai iya cewa bai bar komai ba. Amma ingancin isnadi ba ya hana maƙaryaci shiga sahu. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shigarsa wata na'ura daga nesa ta ɗan yi nauyi, ya bi sawu har ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon aikin har aka amince da shi. An kama abin kafin ya kai ga tabbatattun fitowar Debian da Ubuntu da Red Hat, amma ya riga ya shiga wasu damman gwaji da masu saurin sabuntawa. Buɗaɗɗen rubutu bai hana cin amana ba. Abin da ya yi shi ne ya bar ƙofar da wani baƙo zai iya leƙawa ya tona.

Masu ɗaurin kuma iri-iri ne. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, jama'a ce ta 'yan sa kai da ke zaɓen shugabanta kowace shekara, tana kuma da rubutaccen alkawari ga masu amfani tun 1997. Ba ta gaggawa, kusan duk shekara biyu take fitar da sabon dami. Ubuntu ya fito a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana ɗiban kayansa daga Debian ya sauƙaƙa su. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, yana fitar da wanda zai kula da shi kyauta shekara biyar, kamar na 2024 da zai kai 2029. Red Hat na sayar da nasa da alkawarin shekara goma, kuma IBM ta saye kamfanin a 2019 kan dala biliyan 34. Labarin CentOS ya isa darasi a kan bin kamfani: dami ne na kyauta da aka gina daga Red Hat, dubban uwayen garke suka dogara da shi, an sa ran kula da fitowarsa ta 8 har 2029, sai a Disamba 2020 aka sanar za a daina a ƙarshen 2021. Daga wannan ne Rocky Linux da AlmaLinux suka taso. Jama'a ma tana iya watsewa. Sabily, wanda aka fara a 2007 a matsayin Ubuntu na Musulmi da manhajojin Alƙur'ani da lokutan salla a cikinsa, ya daina fitowa bayan 2011. Sunan addini a kan dami ba ya sa masa tsaro, kuma na'urar da ta shekara goma ba faci gida ne da ba ƙyaure.

Akwai kuma abin da ya yi kama da talfiƙi, wato tsinto sauƙin kowace mazhaba a haɗa su har a fito da abin da babu malamin da zai amince da shi. Mai zuba Debian sannan ya riƙa janyo manhajoji daga rumbun Ubuntu da na wasu da bai sani ba yana gina na'urar da ba wanda ya gwada, kuma ran da ta rushe ba wanda zai ɗauki alhakinta.

Bayan an san wanda za a bi, sai a dubi wurin da za a yi aikin. Malikiyya ta ba al'ada muhimmanci ƙwarai, kuma Alƙarafi ya ja kunnen mai fatawa kada ya ɗora wa baƙo al'adar garinsu ba tare da ya tambayi ta garin baƙon ba. Shawarar da aka rubuta a Faransa ko Amurka ta ginu ne a kan wuta marar yankewa da intanet mai arha. A Gangara ko Tenhiya wutar takan zo daga faifan rana da batir, intanet ɗin ana sayensa ne da kati, ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara yana dafa na'ura. Damin da ke sabuntawa kullum irin Arch, ko Fedora da ke buƙatar a ɗaga shi kusan kowace shekara, yana cin intanet da lokacin da babu su, kuma sabuntawar da wuta ta yanke a tsakiyarta tana iya barin na'ura ba ta tashi. Manomin Damargu da ke riƙe da irin geronsa na ankutes ba jahilcin dogayen zangarniyun kudu ya yi ba. Ya san tsawon daminarsa ne.

Tsufan na'ura ma yana cikin lissafi. Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na yau da kullum a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa yana neman wani sashen tsaro da sabon injin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Irin waɗannan su ne mafi yawan na hannu da ke isowa kasuwannin yankin. Jefar da na'ura mai lafiya almubazzaranci ne, barinta a buɗe da bayanan mutane kuma sakaci ne. Dami mai fuska marar nauyi irin Xfce ko LXQt yana iya ƙara mata shekaru, kuma don wannan aiki aka yi Emmabuntüs a Faransa a 2011, ana gyara tsofaffin kwamfutoci da shi, har wasu sun isa makarantun Togo. Amma Linux ma yana barin wasu a baya: Debian 13, da ya fito a Agusta 2025, ya daina ba da hanyar zubawa ga mafi tsufan injina masu bit 32.

Wani saɓani da ke tsakanin masu Linux ya yi kama da na tsantseni da rangwame. Wasu sassan na'ura, musamman na kama intanet ba da waya ba, ba sa aiki sai da 'yar manhajar da kamfani ya rufe rubutunta. Damman da suka tsananta irin Trisquel sun ƙi ɗaukarta sam. Debian ya daɗe yana ware ta gefe, har membobinsa suka jefa ƙuri'a a 2022 aka yarda ta shiga faifan zubawa. Tsantseni abin yabo ne ga mai yi wa kansa. Mai yi wa ɗakin karatun makaranta zaɓi ba shi da ikon ɗora wa yara tsantseninsa ya bar su da na'urar da ba ta kama intanet. Dole kuma a gwada haruffa kafin a miƙa na'ura: Hausa tana buƙatar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, Tamajak tana da Tifinag, kuma manyan damman suna iya nuna su idan an zuba zanen haruffan an daidaita allon bugawa.

A kan uwar garke ne amanar ta fi nauyi. Kuskure a kwamfutar tebur mutum ɗaya yake tsayar wa aiki, a uwar garke kuwa kowa ne. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙaluman asibitoci da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda masu ita suka fi ba da shawarar a ɗora ta a kan Ubuntu mai dogon alkawari. Makaranta kuwa tana iya ɗora Kiwix a kan 'yar na'ura irin Raspberry Pi, ɗalibai su karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. A irin waɗannan wurare sabon abu ba shi ne abin nema ba. Ana neman wanda zai shekara biyar yana karɓar faci ba tare da ya canja hali ba, shi ya sa zaɓin yakan tsaya tsakanin Debian tabbatacce, da Ubuntu mai dogon alkawari, da zuriyar Red Hat. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma tun kafin doka shari'a ta hana tona asirin marar lafiya da na mabuƙaci, kuma mai ajiya yana biyan abin da ya salwanta idan sakacinsa ne ya jawo.

Ma'aikaci a Tanut ko Belbeji ba ya daɗewa. Ana yi masa canji, kwangilar ƙungiya tana ƙarewa, na'urar kuma tana nan. Gwanin da ya zuba damin da shi kaɗai ya iya, don ya fi burge shi, ya ɗaure ofishin ga kansa ko bai nufa ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambayi abin da masu gyara na Damagaram suka iya, da abin da ake samun bayaninsa da Faransanci, ko da a takarda wani damin ya fi shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ajiyar na'ura ta cancanci irin wannan kulawa. Abin da ake rubutawa kaɗan ne: sunan damin da lambar fitowarsa, ranar da za a daina kula da shi, rumbunan da aka buɗe masa, inda kwafin bayanai yake da ranar da aka gwada dawo da shi, da kalmar sirrin mai iko a cikin ambulan da aka rufe a hannun shugaban wurin, tare da mutum na biyu da aka zaunar aka koya wa aikin kafin na farko ya hau mota.